GIRMAN KAI RAWANIN TSIYA: DARASI DAGA TAFIYAR 'YAN MISHAN ZUWA KANO A 1900

 

Yau za mu ɗan kauce wa labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da muka saba kawowa. Daga nan Hardawa har Azare muna cuɗanya da Kiristoci kullum, a kasuwa da asibiti da makaranta da tashar mota, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa jin abin da addininsu ya ce game da girman kai da fahariya. Malamansu sun yi magana mai zurfi a kan wannan ciwo tun fiye da shekara 1,500 da suka wuce. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, a tarihin ƙasar nan an yi lokacin da waɗanda suka ɗauko wannan koyarwa daga Ingila da niyyar kawo ta ƙasar Hausa suka faɗa cikin ramin da take gargaɗi a kai. Kuma ba mutanen banza ba ne. Mutane ne da suka bar gida da dangi, wasunsu ma a ƙasar nan aka binne su. Wannan shi ne abin tsoron, kuma shi ya sa muka ga labarin ya shafe mu.

ABIN DA KOYARWAR TA CE

Littafi Mai Tsarki na Kiristoci cike yake da labaran masu girman kai. A littafin Farawa, sura ta 11, akwai mutanen da suka haɗa kai za su gina birni da hasumiya mai taɓo sama don su yi wa kansu suna, sai Allah ya rikita harshensu, ya warwatsa su a duniya. A littafin Daniyel, sura ta 4, akwai Nebukadnezzar sarkin Babila, wanda ya hau saman fadarsa yana kallon birni yana yaba wa kansa. Nan take aka raba shi da hankalinsa, ya shiga daji yana cin ciyawa kamar sa, bai dawo hayyacinsa ba sai da ya yarda cewa mulki na Allah ne.

Wannan girman kan sarakuna ne, kowa na iya hango shi daga nesa. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ke cikin Linjilar Luka, sura ta 18, a wani misali da Yesu Almasihu ya bayar, wato Annabi Isa a bakin Musulmi. Mutum biyu suka shiga ɗakin ibada. Ɗaya Bafarisiye ne, daga cikin masu tsananin riƙo da shari'ar Yahudawa. Ɗayan kuma mai karɓar haraji ne, sana'ar da jama'a suka tsana domin aikin 'yan mulkin Rum ce. Bafarisiyen ya tsaya yana gode wa Allah da bai yi shi kamar sauran mutane ba, yana lissafa azumin da yake yi sau biyu a mako da zakkar da yake fitarwa. Mai harajin ya tsaya can nesa, ya kasa ko ɗaga ido, yana neman gafara kawai. Misalin ya ƙare da cewa mai harajin ne ya koma gida da karɓuwa.

A lura da abu ɗaya: Bafarisiyen bai yi ƙarya ba. Azumin yana yi, zakkar yana bayarwa. Laifinsa shi ne ya mai da aikin alherinsa tsani, ya hau yana leƙen na ƙasa da shi. Daga nan ne Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, yake tambayar mai fahariya ko akwai abin da ke hannunsa wanda ba ba shi aka yi ba. Linjilar Matiyu kuma, a sura ta 6, ta hana yin shela idan za a ba da sadaka.

Malaman da suka biyo baya sun faɗaɗa wannan magana, kuma biyu daga cikin manyansu a Afirka suka rayu. Na farko shi ne Evagrius, wani mai gudun duniya da ya zauna a hamadar Masar har ya rasu a shekarar 399. Ya lissafa munanan tunani guda 8 da ke addabar mai ibada, irin su haɗama da sha'awa da son dukiya da fushi. Son a yaba da girman kai ya ajiye su a ƙarshe, domin a ganinsa su ne ke jiran mutum bayan ya ci nasara a kan sauran. Wanda ya bar giya, ya bar zina, ya bar cin haram, shi ne Shaiɗan ke raɗa wa cewa ai yanzu babu kamarsa. Na biyu shi ne Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya zama bishop na garin Hippo, wato Annaba ta yanzu, ya rasu a 430. Bayan an washe birnin Rum a shekarar 410, ya rubuta babban littafinsa mai suna Birnin Allah, inda ya nuna cewa girman kai shi ne mafarin kowane zunubi, domin shi ne juya wa Allah baya a fuskanci kai. Daga baya Fafaroma Gregory na Ɗaya, wanda ya yi jagoranci daga 590 zuwa 604, ya tsara manyan zunubai guda 7, ya sa girman kai a matsayin sarauniyar da ke jan ragamarsu duka.

Musulmin da ke karanta wannan ba zai ji baƙon abu ba, domin ya san abin da ya hana Iblis yin sujada, ya kuma san gargaɗin malamai a kan kibru da ujubu da riya. Hausawa kuma sun taƙaice zancen da cewa gwano ba ya jin warin jikinsa. To, mu ga yadda abin ya kasance a aikace.

DATTIJON DA YA SAN HANYA

Kafin Turawan mishan su tunkari ƙasar Hausa, aikin da ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda ake kira CMS, ke yi a bakin kogin Kwara yana hannun wani Bayarabe ne mai suna Samuel Ajayi Crowther. An kama shi bawa yana yaro a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwace shi daga masu fataucin bayi a 1822, aka sauke shi a Saliyo. Ya yi karatu a kwalejin Fourah Bay, ya zama fasto a 1843, sannan a ranar 29 ga Yuni, 1864 aka naɗa shi bishop a Canterbury. Shi ne baƙar fata na farko da ya kai wannan muƙami a cocin Angilika. Ya bi kogin Kwara tun tafiyar 1841, tare da J.F. Schön, Bajamushen da ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876.

Crowther ya san yadda ake shiga gidan mutane. Ba ya kafa tasha sai da izinin sarkin ƙasa. Yakan je Bida ya gaida Etsu Masaba da kyaututtuka, ya zauna ya saurara. Yakan hori ma'aikatansa da su guji zagin addinin mutane da gardamar da ba ta haifar da komai sai ƙiyayya. Shaidar irin amincin da ya samu ita ce wasiƙar da Etsu Maliki na Nupe ya aika a tsakiyar shekarun 1880, yana roƙon a isar wa Crowther kokensa cewa barasar da 'yan kasuwar Turawa ke shigowa da ita tana lalata masa jama'a, a taimaka a kai maganar gaban Sarauniyar Ingila. Sarki Musulmi ya kai kukansa ga bishop na Kirista, domin ya ga mutumin yana da mutunci.

SAMARIN DA SUKA FI KOWA TSARKI

A shekarar 1890 wasu samarin Turawa suka sauka a Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa. Jagororinsu su ne Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Idan ana maganar sadaukarwa, ba a nuna musu yatsa. Sun sa tufafin 'yan ƙasa, sun koyi Hausa, sun ce ba sa buƙatar kariyar gwamnatin Ingila, duk abin da zai sami wanda ya bi su a ƙasar Musulmi su ma ya same su. Sun fito ne daga wani yunƙurin farfaɗo da addini a Ingila wanda ke nanata tsarkin rayuwa.

Da suka dubi fastoci da malaman Afirka da suka tarar, yawancinsu 'yan Saliyo, sai suka ga ba su cika ma'auninsu ba. Suka zarge su da shan giya da kasuwanci da sakaci. Gaskiya ba ta ɓuya: ba duka zargin ne ƙarya ba, an sami wasu ma'aikata da laifuffuka na gaske a shekarun baya. Amma hanyar da aka bi ita ce abin dubawa. A watan Agusta na 1890 aka yi taron kwamitin kuɗi a Anaca. A gaban Bishop Crowther, dattijo mai kimanin shekara 80, sakataren mishan ɗin, wani Bature mai suna F.N. Eden, ya dakatar da fastocin da bishop ɗin ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa, Dandeson Crowther. Mutanen da ba su daɗe da ganin kogin ba suka nuna wa wanda ya yi kusan shekara 50 yana bin sa cewa bai iya aikinsa ba.

Dattijon bai yi hayaniya ba. Ya ajiye kujerarsa a kwamitin, ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. Robinson ya riga shi rasuwa a cikin shekarar, Brooke kuma ya bi su a 1892 a Lakwaja, ba tare da sun kafa komai a ƙasar Hausa ba. Cocin yankin bakin teku suka ja gefe a ƙarƙashin Dandeson a 1892. Aka maye gurbin Crowther da Bature, 'yan ƙasa kuma aka tsayar da su a matsayin mataimaka. Sai a farkon shekarun 1950 aka sake ba ɗan ƙasa cikakken riƙon lardin cocin Angilika a Najeriya.

Wannan shi ne ainihin abin da Evagrius ya faɗa a hamada. Samarin nan sun ci nasara a kan son jin daɗi da tsoron mutuwa, sai na ƙarshen ya tare su a hanya. Sun tsaya inda Bafarisiye ya tsaya, da lissafin gaskiya a hannu.

YADDA BAƘO KE SHIGA ƘASAR SARKI

Kafin mu bi ayari na biyu zuwa Kano, ya kamata mu tuna ƙa'idar da ke akwai a lokacin game da baƙi, kuma misalinta yana nan ƙofar gidanmu. A farkon watan Janairu na 1824, Turawa biyu suka iso tsohon birnin Katagum daga Barno: Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwa, da Dokta Walter Oudney. Ba 'yan mishan ba ne, masu binciken ƙasa ne. Sun biyo ayarin fatake, suna ɗauke da takardun shaida daga Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi. Sarkin Katagum Ɗan Kauwa ya aika mahaya suka tarye su, aka sauke su, aka karrama su. Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu a Murmur ranar 12 ga Janairu. Clapperton ya wuce Kano, daga can ya kai Sakkwato a watan Maris, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi suka yi ta zantawa.

Kowa ya san su Kiristoci ne, amma hakan bai hana a buɗe musu ƙofa ba. Sun yi sallama, kuma wanda aka sani ya gabatar da su. Haka tsarin yake: baƙo yakan aika kafin ya iso, ya jira amsa, ya sami maimasauki da zai tsaya masa.

KANO, AFRILU 1900

Bayan rasuwar Robinson an kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila don tunawa da shi. Ɗan uwansa, Charles Henry Robinson, ya kai Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya rubuta littafi a kan ƙasar Hausa. Daga irin waɗannan rubuce-rubuce wata fahimta ta zauna a zukatan 'yan mishan: cewa Musuluncin Hausawa a baki ne kawai, cewa sun gaji da mulkin Fulani, kuma da zarar an kawo musu sabon saƙo za su rungume shi. Kano kuwa ta san Musulunci tun zamanin Sarki Yaji, ɗaruruwan shekaru kafin jihadin 1804. Amma wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya tambaya.

Bishop Herbert Tugwell, wanda ya hau kujerar a 1894, shi ya jagoranci tafiyar. Tare da shi akwai Dokta Walter Miller, da fastoci biyu, A.E. Richardson da Dudley Ryder, da kuma J.R. Burgin. Wasunsu sun fara zuwa Tarabulus ta Libiya suka koyi Hausa a wurin Hausawan da ke can. Suka taso daga Legas a farkon 1900, suka biyo ta Jebba da dogon ayarin 'yan dako.

Mu dubi lokacin da suka zaɓa. A ranar 1 ga Janairu, 1900, Frederick Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ya ce Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyarsu, alhali Kano da Sakkwato da Katsina da Katagum suna hannun sarakunansu. Shekara uku kafin nan, a 1897, sojojin kamfanin Turawa sun ci Bida da Ilori da yaƙi. Duk wani sarki a daular Usmaniyya yana kallon kowane Bature da ido biyu. A wannan yanayi ne fararen fata biyar suka nufo Kano ba tare da gayyata ba.

A Zariya Sarki Kwasau ya karɓe su da fara'a. Yana da dalilinsa, domin Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, ya matsa wa ƙasarsa da hari, yana neman inda zai jingina. Baƙin suka ɗauki wannan fara'a a matsayin alamar abin da ke jiransu a gaba. Suka wuce Kano a watan Afrilu.

Sarkin Kano Aliyu Babba ya hau mulki ne ta hanyar yaƙin basasar da aka fara a 1893, mutum ne mai ilimi kuma mayaƙi. Da aka shigar da su gabansa, suka bayyana cewa sun zo ne su buɗe makaranta, su yi wa mutane magani, su koyar da addini. Kamar yadda Miller ya ba da labari daga baya, Sarki ya nuna musu cewa Kano tana da makarantunta inda yara ke karatun Alƙur'ani, ba ta kuma buƙatar maganinsu. Ya ba su 'yan kwanaki su haɗa kayansu, ya ce za a ba su jakuna su kai su Zariya. Bai taɓa lafiyarsu ba, amma ƙofa ta rufe.

Suka koma Girku, kudu da Zariya, kusa da sansanin sojan Turawa. Nan Ryder ya rasu bayan 'yan makonni. Richardson ya kwanta ciwo aka mai da shi gida. Gidan da suka gina ya ƙone. Lugard, wanda tafiyar ta ɓata wa rai domin ta nuna wa duniya an kori Turawa daga Kano, ya sa suka janye zuwa Loko a bakin kogin Binuwai a farkon 1901.

Ina girman kan yake a nan? Ba su zo da bindiga ba, ba su zo neman dukiya ba. Yana cikin zaton cewa niyya mai kyau ta isa ta maye gurbin sallama. Sun tabbata abin da suka ɗauko alheri ne, don haka ba su ga dalilin tambayar mai gida ko yana so ba. Sun koyi harshen mutane amma ba su koyi mutanen ba. Crowther, wanda aka wulaƙanta shekara 10 kafin nan, ya san duk wannan, sai dai waɗanda za su koya daga gare shi sun riga sun yanke cewa ba shi da abin koyarwa.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Turawa suka fasa ganuwar Kano lokacin da Sarki Aliyu ya tafi Sakkwato. Daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926, a garin da Brooke ya rasu. A cikin 1903 ɗin ne Katagum ta shiga hannun Turawa ba tare da yaƙi ba, sannan a 1916 aka mai da hedkwatar masarautar Azare. Lugard ya tsaya a Sakkwato a watan Maris na 1903 ya ce duk ikon da sarakuna suka samu da takobi yanzu ya koma hannun Ingila. Shi ma wannan iko shekara 57 ya yi, a 1960 aka sauke tutar.

A wancan jawabi na Sakkwato Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin Musulunci ba. Jami'an mulkin mallaka suka riƙe wannan alkawari, suka taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi na tsawon shekaru, kuma abin da ya faru a Kano na daga cikin hujjojinsu. Da yake a Kudu mishan ne ke riƙe da yawancin makarantu da asibitoci, su kuma Turawan mulki ba su kashe kuɗin kirki a kan ilimi a Arewa ba, sai tazara ta buɗe tsakanin ɓangarorin biyu wadda har yau muna fama da ita. Ba mu ce tafiyar mutum biyar ce ta jawo wannan duka ba, amma ta ƙara wa mutane zargin cewa makarantar Bature da addinin Bature da sojan Bature abu ɗaya ne. Makarantar boko ta gwamnati a Kano sai a 1909 aka buɗe ta a Nasarawa, a hannun Hanns Vischer, wanda shi ma ya taɓa aikin mishan kafin ya koma gwamnati. Irin zaman da ya yi da mutane ya sa Kanawa suka raɗa masa suna Ɗan Hausa, kuma gidansa na nan har yau da wannan suna.

Shi kuwa Miller bai gudu ba. Ya dawo, ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. A 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa. Ya yi shekaru yana aikin fassara tare da Hausawan da suka taimaka masa da sauran 'yan mishan, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Daga wannan al'umma ta Zariya da Wusasa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, a can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Miller mutum ne mai kaifin harshe a kan sarakuna har ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1952 a yankin Jos. Amma abin da ya bari mai ɗorewa ya samu ne a shekarun da ya zauna da izini yana aiki a hankali, ba a makon da ya shiga Kano da ƙarfin zuciya ba.

Crowther kuma sai da aka yi fiye da shekara 120 da rasuwarsa kafin a wanke shi a bainar jama'a. A watan Yuni na 2014, da ake cika shekara 150 da naɗa shi, aka yi taron godiya da tuba a babban cocin Canterbury, inda shugaban cocin na lokacin, Justin Welby, ya amince cewa an zalunci dattijon saboda wariyar launin fata. Tuba ta zo, amma waɗanda ya kamata su ji ta duk sun daɗe a ƙasa.

ABIN DA YA RAGE MANA

Abu ne mai sauƙi mu karanta wannan mu ce Allah ya ƙara wa Turawa. Idan muka yi haka, mu ma mun hau tsanin Bafarisiye, muna godiya da ba a yi mu kamar su ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ƙungiya irin tamu ba malalata ne ke rusa ta ba, domin su ko taro ba sa zuwa. Masu ƙoƙari ne ke rusa ta. Wanda ya fi kowa ba da gudummawa sai ya ga maganarsa ce ya kamata ta zama ta ƙarshe. Matashin da ya dawo daga Bauchi ko Kano ko Abuja da takardar shaida sai ya ga dattawan da suka riƙe garin shekara da shekaru ba su san komai ba, ko da kuwa gyaran da ya kawo gaskiya ne. Dattijo kuma sai ya ga shekarunsa sun ɗauke masa nauyin sauraro. Mun sha ganin aikin gayya ya tsaya cak saboda ba a ambaci sunan wane a lasifika ba. Mun ga an yanke shawarar haƙa rijiya ko gyaran aji a wata unguwa ba tare da an tambayi mai unguwa da matan da za su ɗebi ruwan ba, daga baya a yi ta mamakin yadda suka ƙi kula da abin. Mu da ke riƙe da muƙamai a ƙungiyar nan ba mu fita daga ciki ba, watakila ma mu ne kan gaba.

Don haka muna roƙon kanmu da abu uku kafin taronmu na gaba. Duk aikin da za mu kai wata unguwa ko ƙauye, mu aika tukuna, mu ji ta bakinsu. Duk gyaran da za a yi wa wanda ya riga mu aiki, a yi shi a keɓe, da ladabi, ba a tsakiyar taro ba. Wanda kuma Allah ya hore wa ya bayar, ya gwada bayarwa sau ɗaya ba tare da an karanta sunansa ba, ya ji yadda zuciyarsa za ta yi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda yake da ƙarin bayani ko gyara a kan wannan tarihi, musamman dattawanmu da 'yan uwanmu Kiristoci da suka fi mu sanin littafinsu, ƙofa a buɗe take. Allah ya raba mu da girman kai, ya ƙara mana haɗin kai da zaman lafiya a Hardawa da Azare da ƙasa baki ɗaya.

Daga ofishin Sakataren Ƙungiya, Hardawa.